Masu Sharhin Dodo Daga Bayan Katanga

Malam Edita, Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu in amayar da abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tun zaman ƙungiyarmu na ƙarshe. A zaman nan ne wani ɗan'uwa, wanda ba zan kama sunansa ba don ba da shi kaɗai nake ba, ya miƙe ya karanta mana takarda mai shafi shida wadda ya ce sharhi ce a kan littafin nan Twilight na Stephenie Meyer. Ya wanke littafin tas, ya ce shirka ne, ya ce batsa ce, ya ce makircin Turawa ne na lalata mana yara. Aka yi ta tafi. Da aka zo lokacin tambayoyi sai wata ɗaliba 'yar aji biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya raba yarinyar labarin da gidan uwarta har ta koma hannun ubanta?" Amsar tana nan a babi na biyu. Sai gogan naka ya yi tsuru-tsuru, can ya ce ai shi ba ya da lokacin ɓatawa wajen karanta shirme, ya dai ga bangon littafin, ya kuma ji labarin fim ɗin a bakin abokansa. Jama'a, aka sake yi masa tafi! To wannan tafi na biyu shi ya hana ni barci.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba su saba da irin waɗannan littattafai ba bayani. A Amurka da Ingila akwai wani rukuni na ƙagaggun labarai da ake rubutawa musamman don samari da 'yan mata masu tasowa, watau daga wajen shekara 12 zuwa 18. A cikin rukunin akwai reshe mai duhu, wanda ya ƙunshi masha-jini, da fatalwa, da mutanen da ke rikiɗa su zama kyarkeci, da matsafa, galibi an cuɗa su da soyayya. Masha-jini tsohon dodo ne a adabin Turai, don Bram Stoker ya fitar da Dracula tun 1897. Abin da Meyer ta yi a 2005 shi ne ta ɗauko dodon nan ta wanke shi, ta sa masa kyawun fuska, ta zaunar da shi a ajin sakandare a wani ɗan gari mai yawan ruwan sama da ake kira Forks, ta haɗa shi da yarinya 'yar shekara 17 mai suna Bella. Littattafai uku suka biyo baya, New Moon a 2006, Eclipse a 2007, Breaking Dawn a 2008, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 100. Ƙannenmu mata suna karanta su a waya cikin dare. Wanda ya ce ba su shafe mu ba, bai leƙa wayar ƙanwarsa ba.

Kada ɗan'uwanmu ya zaci shi ya fara irin wannan sharhi nasa. A watan Yuni na 2011 wata mai sharhin littattafan yara, Meghan Cox Gurdon, ta yi rubutu a jaridar Wall Street Journal tana kukan cewa littattafan matasa sun cika duhu. Ta buɗe da labarin wata uwa da ta shiga kantin littattafai don ta sayo wa 'yarta kyauta, ta duba kanta ta ga ba komai sai masha-jini da kisan kai, ta fito hannu rabbana. Marubuta suka yi mata caa, cikinsu har da Sherman Alexie, wanda ya amsa da cewa yaran da ake son a kare daga duhun littafi, da yawansu a cikin duhun suke zaune a gidajensu. Ni ban yarda da yawancin maganar Gurdon ba, amma zan ba ta haƙƙinta guda: ta karanta wasu daga cikin littattafan da ta soka, ta ambaci sunayensu, ta faɗi abin da ke ciki, har mutum ya sami abin da zai kama ya yi gardama da ita. Namu fa? Daga bayan katanga yake jifa, bai ma san ko akwai kowa a gidan ba.

Yanzu ga abin dariya, in ban da abin takaici ne. Da ya buɗe littafin da ya ga cewa tuhumar batsa da ya yi ta faɗi warwas. Meyer mabiyar ɗarikar Mormon ce, kuma saurayin labarin, Edward, shi ne ya kafe a kan ba abin da zai shiga tsakaninsa da Bella sai an ɗaura aure, auren kuwa bai zo ba sai a littafi na huɗu. Jinin mutum ma ba ya sha, shi da danginsa na dabbobin daji suke farauta. Ashe ke nan mai sharhinmu ya ɗora wa littafin laifin da bai yi ba, ya bar wanda ya yi yana yawo.

Laifin kuwa yana nan, babba ne, kuma ba a haƙoran dodon yake ba. Edward an haife shi a 1901, ya zama masha-jini a 1918 lokacin annobar murar nan da ta game duniya, watau tsoho ne da ya haura shekara 100 yake neman 'yar 17. Da bakinsa ya gaya mata cewa yakan shiga ɗakinta da dare ba da saninta ba ya tsaya yana kallonta tana barci. Yakan bi sawunta in ta fita. A Eclipse, da ta yi niyyar zuwa ganin abokinta Jacob, sai ya cire wani ƙarfe daga injin motarta don kada ta tashi. A New Moon da ya rabu da ita, marubuciyar ta jera shafuka waɗanda ba komai a kansu sai sunayen watanni, daga Oktoba zuwa Janairu, don ta nuna cewa rayuwar yarinyar ta tsaya cak. Daga nan Bella ta shiga hawan babur da ganganci, har ta yi tsalle daga kan dutse ta faɗa teku, saboda ta lura sai tana cikin haɗari take jin muryarsa. Duk wannan littafin ya naɗe shi a ganye mai kyau ya miƙa wa mai karatu da sunan tsananin so. To ina tambayar 'yan'uwana mata da ke cikin ƙungiyar nan: saurayin da ke binciken wayarki, yana ƙirga da wa kika gaisa a bakin laburare, yana hana ki zuwa wajen ƙawayenki wai don kishi, sai ya sha jini kafin ki gane shi? Wannan ita ce maganar da ƙanwata ke bukatar ta ji daga mai sharhi. In ka ce mata littafin shirka ne kawai, za ta yi murmushi ta ci gaba da karatunta, don ta san ba ta taɓa yi wa masha-jini sujada ba, ta kuma gane ba ka san abin da kake faɗa ba. Daga ranar ka rasa kunnenta.

Mu da muke nazarin adabin baka ai bai kamata wannan labari ya zo mana baƙo ba. Wa bai san tatsuniyar yarinyar nan mai ruwan ido ba, wadda ta ƙi duk samarin garinsu, sai ga baƙo kyakkyawa wanda ba a san asalinsa ba, ta ce ita sai shi, aka ɗaura, sai da suka yi nisa a daji ya rikiɗe ya koma dodo? Ƙashin bayan labarin ɗaya ne da na Twilight. Inda suka rabu shi ne ƙarshe. A tatsuniya yarinya takan gudo gida da ƙyar, ta yi hankali. A wajen Meyer yarinyar ce ke roƙon a mai da ita dodo, aka kuwa mai da ita, labarin ya kira wannan sa'a. Ga takarda mai shafi shida nan a kwance, wadda za a tattauna a kanta har magariba, amma sai wanda ya karanta zai iya rubuta ta.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, kada su ce na manta da su. Su ne masu sharhin intanet, waɗanda za su manna wa littafi taurari biyar, su ce sun yi kuka, su ce ba su runtsa ba sai da suka gama, shi ke nan an yi sharhi. Waɗannan 'yan talla ne da ba a biya ba. Sun dai fi na farko da abu ɗaya, sun karanta.

Wani zai ce, to ai aljannu da sihiri ba abin da za a ba yaro ba ne tun farko. Haba malam! Da me aka yaye mu? Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, kuma a cikin duka biyun aljannu suna kai da kawowa. Jiki Magayi fa? Mutum ne aka ƙwace masa budurwa da ƙarfin dukiya, ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da ba ruwansa, yaro ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin ubansa. Wane duhu ya fi wannan? Amma a aji aka karanta wa iyayenmu shi, aka yi musu jarrabawa a kansa, ba wanda ya ce a ƙone. Ƙonawar ma mun ga an yi a Kano a 2007, lokacin da aka tara littattafan hikaya aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata. Ban ji an daina rubutawa ko karantawa ba, sai dai kasuwar ta koma cikin waya inda ashana ba ta kaiwa.

Inda nake ganin aikin mai sharhi ya fi nauyi shi ne idan dodon ya baro Forks ya sauka a ƙasarmu. Dubi Akata Witch na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2011. Jarumar yarinya ce zabiya 'yar shekara 12 mai suna Sunny, tana zaune a Aba, kuma mugun labarin matsafi ne mai satar yara, ana ce masa Black Hat Otokoto. Mai sharhi a Amurka zai wuce sunan nan bai ji komai ba. Ɗan Nijeriya kuwa zai tuna da Owerri a 1996, inda aka kashe wani yaro mai tallan gyaɗa a wani otal mai suna Otokoto, gari ya kama da wuta. Haka zabiya: a wasu ƙasashen Afirka an kashe irinsu saboda camfin cewa sassan jikinsu na kawo arziki. Saboda haka tambayar da ke gaban mai sharhi ita ce, da marubuciyar ta ba zabiya baiwar sihiri, ta ɗaga darajarta ne ko ta ƙara wa camfin taki? Ni ina ganin ta ɗaga, domin Sunny ce mai hankali da zuciya a labarin, ba kayan haɗin tsafin wani ba ce. Wani na iya saɓa mini, kuma gardama ce da ta cancanci a yi.

Haka nan in ɗayanmu ya zauna gobe zai rubuta wa matasa labarin mayu, kuma na san akwai masu niyyar a ƙungiyar nan. Masha-jini ba shi da maƙwabci a Amurka, ba wanda zai rufe Twilight ya fita neman wanda zai jefa. Maye kuwa a wajenmu yana da suna da unguwa. Yawanci wata tsohuwa ce marar gata a ƙarshen layi, wadda in yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin magagi, za a jawo ta a ce ta kama kurwa, sai ta tsallaka shi, in ta tsira da duka ta gode Allah. Marubucin da ya zana mayyarsa da kamannin wannan tsohuwa, ya sa labarin ya gaskata zargin, ya ƙara itace a wutar da ke cin mutane na gaske. Wa zai nuna masa wannan kafin littafin ya bazu? Mai fatawa ba zai iya ba, don bai buɗe ba. Mai taurari biyar ba zai iya ba, don yana can yana kuka.

Na ajiye kwafin Twilight nawa a hannun sakataren ƙungiya, da na Akata Witch. Ɗan'uwanmu mai shafi shida ya je ya karɓa, ba sai ya sa hannu ba. Ina kuma roƙon shugaba da ya ba shi minti 30 a zama mai zuwa, ya kuma ba ɗalibar nan 'yar aji biyu damar tambayar farko.