Jikan Ceroki da harshen kakarsa

A ƙabilar Ceroki, ɗaya daga cikin 'yan asalin Amurka, dangin uwa yaro yake bi. Zuriya bakwai gare su, kuma ta wajen uwa ake gadon ta, shi ya sa kaka da kawu suke da babbar murya a tarbiyyarsa. A gonar kaka yake koyon shuka masara da wake da kabewa wuri guda: wake ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya tsare danshi. Duk wannan darasi da yarensu ake yin sa.

A 1838 gwamnatin Amurka ta kore su zuwa yankin da yanzu ake kira Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya. Daga baya makarantun kwana suka riƙa hukunta yara in sun yi yaren. Da suka girma, da yawa ba su koya wa 'ya'yansu ba, gudun kada su ma su sha wuya. A 2019 shugabanninsu suka ayyana dokar ta-ɓaci kan harshen. A lokacin, masu jin sa sosai kimanin 2,000 suka rage, galibi tsofaffi.

Yau a garin Tahlequah akwai makarantar da ke koyarwa da Ceroki, da haruffan da Sequoyah ya ƙirƙira a 1821. Madalla, amma ina ganin malami ba zai iya duk aikin kaka ba.

Ku mazauna Legas da Fatakwal da 'ya'yanku ke amsa gaisuwar kaka da Turanci, in ta kira a waya, ku miƙa musu, kada ku yi tafinta.