Martani: Ba Sabuntawa Ce Ta Gajiyar da Wayar Ba

Malam, ka rubuta cewa mai tsohuwar waya a Droum ya daina sabunta manhajoji, wai suna cinye mega, suna sa waya nauyi. Wannan ai an gudu ne ba a tsira ba. WhatsApp ɗin da aka ƙi sabuntawa wata rana kulle kansa yake yi, kuma tun Oktoban 2023 ya daina aiki a Android da bai kai 5 ba. To da me gyatuma za ta ji muryar ɗanta da ke ci-rani a Agadas? Nauyin da kake kuka da shi, bidiyoyin biki ne suka cika Itel ɗin, sai batirin da zafin Damagaram ya dafa.