A Sa Ido Kan Awarwaron Maganaɗisu

Malam Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin hukumar NAFDAC kan masu tallar awarwaro da zoben maganaɗisu, waɗanda ke cewa yana maganin hawan jini da ciwon gaɓoɓi. A gari irin Magama, inda kaya ke kai da komo tsakanin Jibiya da Maraɗi, irin wannan haja ba ta rasa masu saye.

Hujjarsu ita ce jini na ɗauke da ƙarfe, don haka maganaɗisu na daidaita gudunsa. Ai ƙarfen cikin jini ba irin na ƙusa ba ne. Na'urar MRI ta asibiti ta fi awarwaro ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ta janye jinin kowa. Nazarin da mujallar likitocin Kanada ta buga a 2007 bai gano maganaɗisu na rage ciwo ba. Wani zai ce shi dai ya ji sauƙi. Haka ne, kwanciyar hankali na sassauta jiki, kamar yadda zama shiru ana tunani ko zikiri ke yi. Sai dai hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Wanda ya ajiye ƙwayarsa saboda awarwaro na iya wayar gari da shanyewar ɓarin jiki.

A binciki masu tallar, a kuma riƙa auna jinin jama'a ranar kasuwa.

Naku,
Mai karatu, Magama, Jibiya.