Wa Zai Yi Jinyar Tsofaffin Gine-ginen Kasuwanci?

Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980, lokacin da kuɗin uraniyom ya yi albarka, birnin Yamai ya sake kama. A lokacin ne aka tayar da benaye masu yawa na bankuna da kamfanoni da masaukan baƙi, irin su otal ɗin Gaweye da ke bakin kogin Kwara. Injiniyoyi kuwa, idan suna lissafin gini irin wannan, shekara 50 suka saba ɗauka ma'aunin rayuwarsa. Duk wanda ya iya ƙidaya ya san waɗannan benaye sun doshi wa'adin nan, wasu ma sun kai. Ba a ce ranar da gini ya cika shekara 50 zai faɗi ba. Abin nufi shi ne, daga nan tsawon kwanansa ya dogara ga irin kulawar da ya samu. To, su wa ƙasa ta horar domin wannan aiki?

Wuraren koyon gini dai akwai su. Makarantar EMIG ta Yamai tana yaye injiniyoyin gini. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Tawa da ta Damagaram, tana da sashen koyar da aikin gini. Masu son zanen gine-gine da tsarin birane sun daɗe suna zuwa makarantar EAMAU ta Lome, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka mallake ta. Sai dai a ko'ina cikin duniya karatun gini ya fi karkata ga sabon gini: a ba ɗalibi fili fetal da farar takarda, ya zana, ya lissafa, ya tayar. Ran da ya kama aiki kuwa, sau da yawa abin da zai tarar a gabansa rufi ne mai yoyo, da bango mai tsaga, da mai gida yana tambaya ko a gyara ko a rushe. Amsar wannan tambaya ilimi ce mai zaman kanta, kuma ta cancanci a buɗe mata fanni sosai a jami'o'in ƙasa, da malamanta da takardar shaidarta.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar shafa fenti ake yi. A dubi beton, wato kwaɓin siminti da tsakuwa da rairai da ake zubawa a kan ƙarfe. Jama'a da yawa sun ɗauka shi ba ya tsufa. Yana tsufa, a ɓoye ne kawai. Siminti sabo yana kare ƙarfen da ke cikinsa daga tsatsa, amma iska tana ratsa shi sannu a hankali, shekara bisa shekara, har ta kashe wannan kariya. Daga nan, da zarar laima ta isa ga ƙarfen sai ya fara tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, sai ta kumbura ta fasa simintin daga ciki. Ɓawon da ake gani ya ɓamɓaro daga ƙarƙashin rufin bene, ƙarfe ya fito ja, alama ce ta ciwon da ya daɗe. Wanda ya yi karatun abin yana da hanyoyin auna zurfin da iskar ta kai tun ido bai ga kome ba, ya kuma faɗi ginshiƙin da zai ɗauki gyara da wanda ya gama aiki. Wanda bai yi ba sai ya sa a liƙe wurin da siminti, a shafa farin ƙasa, ciwon yana nan yana ci.

Haka zancen wutar lantarki yake, kuma a nan kasuwanni suka fi shan wuya. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa, ita ma gobara ta sake yi mata ɓarna a 2009. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. Ko mene ne sanadin kowace ɗaya daga cikin waɗannan gobara, kowane ɗan kasuwa ya san yadda kasuwa take sauyawa bayan an buɗe ta. Bitikin da aka ja wa waya domin fitila ɗaya da fanka, bayan shekara goma an cusa masa firji da injin sanyaya ɗaki. Hanyar da aka bari domin motar masu kashe gobara ta cika da tebura da rumfuna. Ginin da injiniya ya zana da ginin da ake ciniki a ciki sun zama abu biyu, kuma ba safai ake samun wanda aikinsa ke nan ya riƙa bin sawun wannan bambanci ba. Gobarar dare ɗaya tana cinye jarin da mutum ya tara shekara ashirin, ta bar shi da bashin masu ba shi kaya.

Abin mamaki, wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maginan gargajiya ba su taɓa ɗaukar gini abin da ake gamawa ba. Kafin damina ta faɗi akan hau soro a duba rufi, a share indararo, a sake yaɓe inda ruwa ya zaizaye, a bi bango da makuba, a duba azara ko gara ta shige ta. Da irin wannan hidima ce hasumiyar masallacin Agadas ta kawo yau, har aka sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013. Da siminti ya zo, sai aka yar da al'adar tare da laka, aka zaci an huta. Har ma akan shafe bangon ƙasa da siminti da sunan gyara, alhali simintin yana tsare laima a ciki, bangon ya riƙa ruɓewa a bayansa. Fannin da ake magana a kai ba zai cika ba sai an shigo da tsofaffin magina na Damagaram da Tawa da Agadas, sun zauna da ɗalibai, tun suna raye.

Sai batu na biyu, wanda ya fi na farko wuyar shiga kai. Gini yakan fi sana'ar da aka gina shi dominta tsawon rai. An kafa kamfanin Sonara a 1962 domin cinikin gyaɗa. Cinikin ya faɗi bayan farin shekarun 1970, kamfanin ya daɗe da rufewa. Bankin BDRN ya rufe a 1990. Silima ta mutu a garuruwa da yawa. Amma mangaza da ofis da zauren kallo ba su mutuwa ran da mai su ya mutu. A nan ne ake yawan gaggawar kiran katafila, domin rushewa ba ta bukatar tunani, kuma sabon gini ya fi daɗin buɗewa da kiɗa da jawabi. Sai dai harsashi da ginshiƙai da bangon tsohon gini kuɗi ne da aka riga aka biya. Ƙarfen da za a sa a madadinsu daga waje yake zuwa, ya yi tafiyar kilomita 1000 ko fiye daga bakin teku kafin ya iso. Siminti kuwa, ko na Malbaza ne, sai an ƙona dutse da wuta mai tsanani kafin a same shi, kuma masana sun ƙiyasta cewa yin siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya.

Akwai misalai da ɗalibi zai koya daga gare su. A Dandaji, cikin jihar Tawa, an yi niyyar rushe tsohon masallacin garin a gina sabo. Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka ba da shawara a bar shi. Aka gina sabon masallaci a gefe, tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gama aikin a 2018. A Faransa, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal, waɗanda suka samu kyautar Pritzker a 2021, sun yi suna ne da ƙin rushe gini. A Dunkerque sun bar wani ƙaton zauren ƙera jiragen ruwa yadda yake, suka gina tagwaicinsa kusa da shi, wurin ya zama gidan nuna kayan fasaha. Shi Vassal ɗin a Nijar ya yi aikin tsarin birni daga 1980 zuwa 1985, kuma su biyun ba su ɓoye cewa a nan suka koyi yin abu mai yawa da kaya kaɗan ba. Abin kunya ne darasin da aka ɗauka a Yamai ya zama ana koyar da shi a Turai, ɗan Yamai kuwa sai ya je can ya ji shi.

Ba kowane tsohon gini ya cancanci ceto ba. Akwai wanda tun farko an ci amanar simintinsa, akwai wanda aka kafa bisa hanyar ruwa, irin waɗannan rushe su shi ne alheri. Amma wanda zai yanke hukuncin ya zama ya auna, ya kuma iya lissafin abin da gini zai ci cikin shekara 30, ba kuɗin ranar buɗewa kaɗai ba. Saboda haka karatun ba na injiniya ba ne shi ɗaya. Yana bukatar lissafin kuɗi, da sanin dokar haya, domin rigimar mai gida da ɗan haya a kan wanda zai biya gyaran rufi ta kashe gine-gine fiye da ruwan sama.

Hukumomi ma suna da nasu rabon, in ba haka ba ɗaliban za su fito babu mai ɗaukarsu. Magajin garin da ke karɓar kuɗin hayar bitiki da na tikitin kasuwa ya kamata ya ware wani kashi sananne domin gyara, a rubuce cikin kasafin shekara, kada a taɓa shi domin wata bukata. Kowane babban ginin kasuwanci kuma a buɗe masa littafi, kamar katin awo na asibiti: zanensa na asali, hanyar wayoyinsa da bututunsa, ranar da aka duba rufi, abin da aka canza da wanda ya canza shi. Buɗe irin wannan littafi aiki ne da ɗaliban shekarar ƙarshe za su iya yi a ƙarƙashin malamansu, a madadin zanen benen da ba za a taɓa ginawa ba. Babbar kasuwar Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram suna cikin gari ɗaya da jami'o'in, kuma watannin rani, kafin ruwan farko, su ne lokacin hawa rufi.