Mako biyun da ke cikin takardar asibiti, da auren da suke neman kashewa

Tun da maganar gwajin DNA ta cika Facebook da TikTok, ba a raba majalisar samari da zancen "ɗan wane ne". Yawancin labaran daga Najeriya suke tsallakowa, amma zargin da suke shukawa har a gidajenmu na Kamaru yake tsirowa. Mu kuwa a nan, kaɗan ne ke da kuɗin wannan gwaji. Abin da ke hannun kowa shi ne takardar hoton ciki, wadda muke kira eko, kuma ita wasu mazan suka mayar alƙali.

Malamin makaranta a unguwa irin tamu aikinsa ba ya ƙarewa a aji. Duk wanda ya samu takardar Faransanci da ta fi ƙarfinsa, ƙofarka zai buga. Haka wani ango ya same ni bayan sallar Isha'i, idonsa jawur, ya miƙo mini takardar ekon amaryarsa. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini nan, goma sha biyu aka rubuta ko idona ne?" Na ce ƙwarai, mako 12 aka rubuta. Ya ce, "To yau makonmu goma da tarewa." Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Ashe kafin ya zo wurina har ya gaya wa mahaifiyarsa, ita kuma ta gaya wa ƙanwarta.

Na ce masa, ƙanena zauna, wannan takarda shaida ce a kan gaskiyar matarka, kai ne ba ka san karatunta ba.

Ga yadda abin yake. Likita ba ya fara ƙirgen ciki daga daren da aka sadu, don ba wanda ya san takamaiman ranar da ciki ya shiga. Yana farawa ne daga ranar farko ta jinin al'adar ƙarshe, domin ita ce ranar da mace ke iya tunawa. A katin awo na ɓangaren Faransanci za ka ga an rubuta DDR, ita ce wannan rana, sai SA a gaban lamba, wato makonni tun ɗaukewar al'ada. Matar da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, ƙwanta yana fitowa ne wajen kwana na 14. Ka ga ke nan makonni biyun farko da ake ƙirgawa babu ciki a cikinsu sam. Ciki mai mako 12 a takarda, makonsa goma ne da shiga. Ango ya ce, "Ai Malam inji ne ya auna, ba bakinta aka bi ba." Wannan tambaya tana da kyau, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Injin yana auna tsawon ɗan tayi ne daga kai zuwa mazauni, sannan ya fassara tsawon zuwa makonni bisa wancan ƙirgen na asibiti. Wato shi ma da makonni biyun a cikin lambarsa, ko matar ta tuna ranar al'adarta ko ta manta.

Mu ɗauki misali da ranakun da na ƙirƙira. Yarinya ta ga al'ada ranar 28 ga Disamba, ta tare ranar 10 ga Janairu, Allah ya kawo rabo a makon farko. In aka yi mata eko ranar 22 ga Maris, takarda za ta ce mako 12 cif, alhali aurenta mako goma ne da kwana ɗaya. Kuma irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da iyaye mata sukan so a sa ranar biki lokacin da amarya ke da tsarki, wanda sau da yawa yake faɗawa daidai kwanakin ɗaukar ciki.

Ranar haihuwar da ake rubutawa ma daga can ake samo ta. Hanyar tana ɗauke da sunan wani likitan Jamus, Franz Karl Naegele, wanda ya rasu a 1851: a ƙara kwana bakwai a kan ranar farko ta al'adar ƙarshe, a koma baya wata uku, a shiga shekara mai zuwa in ta kama. A misalinmu, 28 ga Disamba da kwana bakwai ya zama 4 ga Janairu, a koma baya wata uku ya zama 4 ga Oktoba. Kwana 280 ke nan, mako 40. In aka cire makonni biyun nan, saura kwana 266, wanda kusan daidai yake da wata tara na lissafin Hijira. Ashe kakanninmu da ke ƙirgawa da tsayuwar wata ba su yi nisa da gaskiya ba.

Sai dai ranar kintace ce kawai. Jariran da ke zuwa a daidai ranar da aka rubuta ba su wuce huɗu ko biyar cikin ɗari ba. Haihuwa daga mako 37 zuwa 42 duk cikin lokaci take. A Faransa ma mako 41 suke sa wa'adi, Ingila da Amurka 40, don haka a ƙasa irin tamu da ta gaji tsarin biyu, kada ka yi mamaki in takardu biyu sun saɓa da mako guda. Ga shi kuma ba kowace mace ce ke da zagayen kwana 28 ba. Maniyyi yana iya zama da rai a jikin mace har kwana biyar, shi kuwa ƙwai kwana ɗaya ne iyakarsa, saboda haka ranar saduwa daban, ranar shigar ciki daban. Wanda ya ce zai nuna maka daren da ciki ya shiga daga takardar eko, gaibu yake so ya karanta.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da matanmu ke zuwa awo. Ekon da aka yi a wata ukun farko kuskurensa bai cika wuce kwana biyar zuwa bakwai ba. A tsakiyar ciki yana kai kwana goma zuwa mako biyu, a watannin ƙarshe kuwa har mako uku gaba ko baya, don a lokacin wani ɗan ƙato ne, wani ƙarami. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas, na farko cikin mako 12, kuma a yi mata eko ɗaya kafin mako 24. Mu kuwa fa? Cikin fari kunya ake yi da shi, wasu na tsoron baki da maita, sai ya fito ya yi turtsitsi sannan a nufi asibiti. Takardar da ta fi kowace rauni ita muke karɓowa, sannan mu ɗora mata hukunci mafi nauyi. Direban da ya yi wata guda tsakanin Duwala da Kusiri, in ya dawo ya kama lissafi da ekon wata bakwai, wallahi zai iya zaluntar matarsa yana ganin hujja ce a hannunsa.

Kuma lambar ba a zancen zargi kaɗai take aiki ba. Dokar ƙwadago ta 1992 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, ana fara shi mako huɗu kafin ranar da aka kintata. A Afrilun 2022 ministar ilimin sakandare, Nalova Lyonga, ta fitar da umarnin a bar ɗaliba mai ciki ta ci gaba da karatu har mako na 26. Da wannan lamba kuma likita ke sanin ko naƙudar da ta taso ta bakwaini ce, ko ciki ya zarce lokaci har sai an taimaka. In lissafin ya karkace tun farko, duk waɗannan sun karkace.

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da muka karanta a zaure ya isa ya sa mutum ya ji kunya. Malamai sun ce mafi ƙarancin ciki wata shida ne, sun ciro shi daga ayoyi biyu: wata talatin na ciki da yaye a Suratul Ahƙaf, a cire shekara biyu na shayarwa a Suratul Baƙara. Ɗan da aka haifa bayan wata shida da aure, na mijin ne. Ita ma dokar farar hula da muka gada daga Faransa kwana 180 zuwa 300 kafin haihuwa ta ɗauka a matsayin lokacin shigar ciki. A ɗaya gefen, Malikiyya sun tsawaita mafi yawan ciki har shekara huɗu ko biyar, abin da Bahaushe ke kira kwantaccen ciki, kuma yana cikin hujjojin da kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta duba lokacin da ta wanke Amina Lawal a 2003. Likitancin yau bai san ciki mai shekaru ba, kuma ina roƙon duk wadda aka ce cikinta ya kwanta ta je a duba ta, don yana iya zama ƙari ne a mahaifa ko ɗan ya mutu a ciki. Amma dubi inda magabata suka karkata. Sun buɗe ƙofa ta shekaru don kada a tozarta mace a kan shakka, mu kuma jikokinsu muna neman korar yarinya a kan kwana 14 da ba mu ma fahimta ba.

Laifin ba na maza kaɗai ba ne. Ungozoma ko mai ɗaukar eko da ya miƙa wa amarya takarda ya san yaren da aka rubuta ta ba shi ake yi a gidanta ba. Me zai rage masa in ya ƙara jimla ɗaya, da Hausa ko Fulatanci, cewa wannan lamba daga al'adar ƙarshe aka ƙirgo ta? Limamanmu da ke yi wa angwaye nasiha su ma za su iya sa wannan a ciki, minti biyu ya isa. Mata kuma su riƙa rubuta ranar, ko a kalandar waya ko a bayan littafi.

Shi angon, washegari na raka shi wurin wata ungozoma da ta yi ritaya a unguwarmu, don na ga maganata ita kaɗai ba ta gama zauna masa ba. Ta ɗauko ɗan faifan takardan da suke juyawa, ta sa ranar al'ada, ta nuna masa da yatsa inda ciki ya shiga: kwana uku bayan tarewa. Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Ɗana, wa da wa ka gaya wa?" Ya lissafa mutum biyu. Ta ce ya tashi yanzu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya je kuwa, amma kafin nan maganar ta riga ta kai gidan surukansa, kuma uban yarinyar ya aiko a ba shi 'yarsa ta zo goyon ciki tun tana wata uku.