Ba Yawan Maƙalu Ke Auna Masani Ba

A jami'o'in Nijeriya, kamar na sauran ƙasashe, idan malami ya nemi ƙarin girma, abin da akan fara dubawa shi ne yawan maƙalun da ya buga a mujallun ilmi. Wannan ma'auni yana da amfaninsa, domin yakan hana lalaci, ya kuma rage son zuciya wajen yanke hukunci. Amma tarihin Farfesa Anthony Epstein, masanin cututtuka ɗan ƙasar Ingila wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 102, ya isa ya nuna cewa ƙidaya kaɗai ba ta auna masani.

Aikin masanin cututtuka shi ne duba tsokar da aka yanko daga jikin majiyyaci da madubin likita, don gane irin ciwon da musabbabinsa. A 1961 Epstein yana aiki a asibitin Middlesex da ke Landan, sai wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt ya zo daga Yuganda ya gabatar da lacca. Ya yi bayanin wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda ta fi yawa a yankunan Afirka masu zafi da ruwan sama mai yawa. Epstein ya raya a ransa cewa ciwon da ke bin yanayin ƙasa haka, da wuya a rasa ƙwayar cuta ta bairas a tattare da shi. A lokacin an san bairas yana haddasa sankara ga kaji da ɓeraye, amma ba a taɓa tabbatar da haka ga ɗan Adam ba.

Aka shiga aiko masa da tsokar ciwon daga Kamfala ta jirgin sama. Kusan shekara uku yana nema bai ga komai ba. A watan Disamba na 1963, hazo ya sa aka karkatar da jirgin zuwa Mancesta, saƙon ya iso a makare, ruwan da aka saka tsokar a ciki ya gurɓace. Maimakon ya zubar, sai ya duba, ya tarar ƙwayoyin sankarar ne ke yawo a ciki da ransu. Daga nan aka gane yadda za a raya su a ɗakin gwaje-gwaje. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka buga sakamakonsu a mujallar The Lancet, a maƙalar da ba ta wuce shafi biyu ba. Ƙwayar da suka gani ita ce ake kira Epstein-Barr.

Masana da dama sun yi tababa da farko, amma sannu a hankali gaskiya ta yi halinta. An gano cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya, galibi ba tare da ta cutar da su ba, kuma a Afirka yawan zazzaɓin cizon sauro ne ke taimaka mata ta haifar da sankarar yara. An kuma danganta ta da sankarar bayan hanci da ta yawaita a kudancin ƙasar Sin. A 1997 hukumar binciken sankara ta ƙasa da ƙasa ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Bugu da ƙari, Harald zur Hausen, Bajamushen da ya yi aiki a kan wannan ƙwaya tun yana matashi, shi ne daga baya ya gano cewa wani bairas ɗin daban ke jawo sankarar bakin mahaifa, aikin da ya sa ya sami lambar Nobel a 2008. Allurar rigakafin wannan bairas ce Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023. Wato ƙofar da shafi biyu suka buɗe ta kai har makarantun Kano da Bauci.

Masu iya magana kan ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ya kamata kwamitocin ƙarin girma su riƙa karanta ayyuka biyu ko uku mafiya inganci na kowane malami, su tambayi abin da suka canza a asibiti ko a aji, kafin su ƙirga sauran. Idan ba haka ba, matasan masana za su guje wa tambayoyi masu wuya, su koma ga waɗanda ke saurin zama maƙala. Malaman sakandare kuma su saba wa ɗalibai da sake duba gwajin da bai fito yadda aka zata ba, su rubuta abin da suka gani, su nemi dalilinsa kafin su wanke kwalabe.