Kajin Bayan Gida: Faɗa Daban, Cuta Daban

A Birketiri da Madagaska, nan Yawunde, gidaje da yawa suna da akurki a bayan ɗaki. Kukan da muke ji wajen iyayenmu mata guda ne: kaji na saran juna har jini, wasu kuma sun yi laƙwas sun bar tsaba.

Faɗan dai, a ganinmu, mu muke jawo shi. Mun cusa su babu wurin juyawa, ga zafin kwano, ga dusa zalla. Kaza kuwa in ta ga jini ba ta bari, don haka a ware mai rauni. A ƙara fili, a sa garin kifi cikin abinci, a zuba toka su yi birgima.

Amma wadda ta saki fukafukai tana lumshe ido, cuta ke cinta. Abin takaici, ita ake fara kaiwa kasuwar Mokolo da araha. 'Yan kasuwa, ku tuna 2016: murar tsuntsaye ta kashe dubban kaji a gonar Mvog-Betsi, hukuma ta hana sayar da kaji a Yawunde, jarin mutane ya narke. Kwando ɗaya ya isa ya kai cuta har Kye-Ossi. Kafin ku ɗora irin wannan kaza a mota, likitan dabbobi ya gan ta.